Tofin Goro a Madubin Bindigata

Ina koyarwa a wata firamare a Bodinga, amma abin da ke riƙe da gidana albasa ce. Ina da 'yar fadama wajen Lambara, kuma idan aka cire albasa nakan jibge ta a rudu bayan gida, a kan gadon kara ƙarƙashin rumfar ciyawa, ina jiran ta yi daraja. Masu hana ni sakat su ne gafiyoyi. Ba cin albasar ya dame su ba, tona suke yi, su yi fitsari, su ɓarke karan, duk wadda suka ƙwarzana kuma ta fara ruɓa ta shafi 'yan uwanta.

Don su na sayi bindigar iska, irin wadda ake karyawa a ɗana mata ɗan harsashin dalma, da madubin hange a samanta. Guba ba na so, saboda kaji. Da hantsi ko da la'asar sakaliya nakan zauna a kan turmi in jira. Duk gafiyar da ta leƙo, in dai giciyen madubin ya sauka a kanta, ko shurawa ba ta yi.

Wata Asabar na auna wata ƙatuwa da ke zaune a fili tana gyaran gashin baki. Na harba, sai ƙura ta tashi can gefe. Washegari na sami wata a cinya maimakon kai. Ta yi tsuwa, ta ja ƙafa ta shige ƙarƙashin albasa.

Na fara zargin idona. Na kafa kwali a jikin katanga, na zana baƙin ɗigo da gawayi, na ɗora bindigar a kan buhun gero don kada hannu ya yi rawa. Harbi na farko ya tafi sama, na biyu ƙasa ta hagu, na uku bai ma taɓa kwalin ba. Da a ce gefe guda suke taruwa, da na murɗa maɓallan saiti an wuce wurin. Amma warwatse suke kamar an watsa wa kaji tsaba. Na ɗaure notunan da ke riƙe da madubin. Na zura tsumma da zare na goge bututun. Na buɗe sabon gwangwanin harsashi, ko tsofaffin sun lanƙwashe. Babu abin da ya canja.

Ina cikin wannan ne wari ya taso daga rudu. Zafin bazara ne, ga albasa, ga mushe. Na ɗaure hanci da rawani na shiga kwashewa da hannu. A can ƙasa na tarar da gafiyar nan ta kumbura ta fashe, tsutsa na ta walƙiya a kanta, ruwanta ya jiƙe albasar da ke kewaye har ta zama dagwalo. Da na kama wutsiyar sai fatar ta zame ta biyo hannuna. Na fita da gudu na yi amai a gindin dogonyaro. Albasar da na zubar a juji ranar, ba na son tunawa. Har dare hannuna na wari, ko tuwo ban iya kai wa baki ba.

Da na koma kan bindigar da haushi, na girgiza ta, sai na ji wani ƙaras-ƙaras a cikin madubin. Na kwance zoben da ke wajen ido a hankali. Gilashin ciki ya faɗo a tafina, gefensa a ɓantare, an manna shi da cingam. A fuskarsa kuwa wani jan dabbare ne ya bushe, har da 'yan ɓarɓashi. Na kai hanci. Goro ne. Wani ya tofa wa gilashin yawu ya goge.

Na kira maiɗakina na nuna mata. Ta dubi ƙasa.

"Malam, Baba na Dandin Mahe ne. Ranar da kat tafi makaranta yab biyo, yac ce in ba shi ya harbi hasbiya. Ƙanen mahaifina ne, ƙaƙa zan hana shi? Da la'asar yam maido ta, yac ce kada in dame ka da zancen."

Gaskiyarta ce, sai na naɗe gilashin a takarda na ajiye.

Ranar Juma'a sai ga Baba a kan babur, bakinsa jawur kamar kullum. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na durƙusa muka gaisa, aka kawo fura. Sai da ya sha ya yi gyatsa sannan na ajiye gilashin a gabansa.

"Baba, Allah shi ba ka nasara, halan bindigar ga ta ba ka wahala?"

Ya ɗauka ya juya, ya yi dariya har ina ganin goron da ke tsakanin haƙoransa.

"Yo ai kai ka kamata ka gode mani. Faɗuwa tay yi daga babur, nig ga hazo ciki, nib buɗe da wuƙa niw wanke maka shi tas. Wanga abu na Nasara ai bai da ƙwari. Mu da munka yi farauta da bindigar toka, wa ya san wani madubi?"

Yana magana feshin yawunsa na sauka a bayan hannuna. Na kasa gogewa a gabansa, suruki ne. Na zauna ina kallon ɗigon yana bushewa.

"Haka ne, Baba," na ce.

Da zai tashi ya ce ya ji an ce albasata ta yi kyau bana, ko za a sa masa 'yar kaɗan ta miya. Na shiga rudu da kaina na cika masa buhu, na ɗaure masa a bayan babur, na raka shi har bakin hanya ina yi masa Allah ya kiyaye.

Na kai madubin wurin wani mai gyaran agogo a Sakkwato. Ya duba ya ce zaren zoben ya cinye, ko an mayar da gilashin ba zai zauna ba. Na bar masa shi a kan tebur na fito. Yanzu da ƙarfen saitin da ke bakin bututu nake aunawa, kuma sai gafiya ta matso sosai nake harbi, wadda ta yi nisa in bar wa tarko. Bindigar kuwa a akwati take da kwaɗo, makullin na aljihuna ko makaranta zan tafi.