Keken da Bas Ta Ƙi Ɗauka

Shan inna ya cinye mani ƙafafu tun ina goye, amma gurguntar ba ta tsare ni ba sai shekarun da kuɗin fetur suka iso Ƙanƙara. Kafin nan ina da keken guragu da rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwa. Hanyar ƙasa ce shimfiɗe, in yashi ya riƙe taya mai wucewa ya tura ni.

Da aka zo zuba kwalta har da ni a masu murna. Sai aka haƙa lambatu mai zurfi hagu da dama. Mai ƙafa tsallakewa yake yi. Ni na aza katako, ranar kasuwa wani ya ɗauke. Na sami mai kula da aikin, ya saurare ni cikin mutunci, ya ce zanen daga sama ya zo, ba shi da ikon taɓawa.

Mahaifiyata tana garin Sabuwa wurin ƙanwata. Da can akori-kura nake shiga, 'yan dako su ɗaga ni da keken gaba ɗaya su aza bisa buhunan dawa. Da sababbin bas suka zo, manyan motocin suka koma jigilar siminti.

Wata safiya aka aiko jikin Inna ya yi tsanani. Na garzaya tasha. Ƙofar bas ƙunci gare ta, matakalarta har ƙirjina.

"Malam, kai zan ɗauka," in ji direban, "keken ne babu wuri."

"Alhaji, ai keken ne ƙafafun."

Ya kau da kai, ya ta da mota. Ta biyun ma haka. Da rana ta take na haƙura, na bar keken wurin mai shayi, aka cicciɓe ni ciki.

A Faskari aka sauke mu mu sake mota. Motar Sabuwa tana tsallaken titi. Na ja jiki bisa kwalta mai zafi, mutane na ratse ni da kayansu, kafin in kai ta cika. Na jira wata.

Na iske masu jana'iza sun dawo daga maƙabarta. Ƙanwata ba ta tambaye ni abin da ya tsare ni ba, ta dai dubi tafukan hannuna, ta ɗauko man kaɗe tana shafa mani.

Tun da na koma Ƙanƙara ban ƙara fita daga garin ba. Ƙanwata ta aurar da ɗiyanta duka, labarin bukukuwan kawai ake kawo mani.