Takardar da ke Jikin Firjin Baffa Delbert

Baffa Delbert, wan mahaifinmu, shekara talatin ya yi yana tuƙa bas a garin Duluth, can Amurka. Bai yi aure ba, bai haihu ba, abin da ya samu asusun ritaya yake zubawa. Irin wannan asusun kuwa ba ruwansa da wasiyya. Wanda ka rubuta sunansa a takardar kamfani, shi ke kwashewa ranar da ka mutu.

Baffa ya manna takardar a jikin firji, ya ɗaura fensir da zare a gefenta. Ka kwashe masa ƙanƙarar ƙofar gida, sunanka ya hau. Ka kawo masa talo-talon da ya bushe, ya goge ka kana tsaye. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na yi bauta. Sau biyu ina hawa rufinsa kwashe ƙanƙara da ciwon gwiwa.

"Baffa, jiya fa sunana ne a nan."

"Jiya kenan. Yau ɗan'uwanka Wendell ya gyara min famfo. Kai me ka gyara?"

Mutum ɗaya ce ba ta shiga layi ba, ƙanwarsa Gwaggo Arlene. Tun da suka yi rigima kan kwalekwalen kamun kifin mahaifinsu ta rantse ko sisinsa ba za ta taɓa ba. Duk Lahadi sai ta kira shi a waya su yi ta cacar baki.

"Ka cusa kuɗin naka a cikin matashi, tsohon marowaci!"

"Allah ya kiyaye in ba ki! Gara in bar wa kare!"

Ya rasu ran wata Talata, sunana ne a takardar, har na fara duba motoci. Da na kira kamfanin, wata ma'aikaciyarsu ta saurare ni da haƙuri, sannan ta ce takardar firji ba ta taɓa isowa wurinsu ba. Wadda ke hannunsu da biro ya cike ta, mako ɗaya bayan rigimar kwalekwale, kuma suna ɗaya ne a ciki: Arlene.

Ni na kai wa Gwaggo labari, raina a ɓace. Ta daɗe tana kallon wayarta a kan tebur.

"Ɗan banza," ta ce, hawaye na zuba. "Ya san na rantse. Ya bari sai da ba zan iya kiransa in zage shi ba."