Safiya da allon gwajin ido

'Yan uwa, yau na gano abin da na shekara uku ban lura da shi ba.

Kun san Safiya, ƙawata tun lise, wato sakandare, a Dapaong. Tare muka ci bak, jarrabawar gama sakandare, tare sunanmu ya fito a makarantar koyon jinya a nan Sokodé. Yau ne gwajin lafiya kafin rajista.

Muna kan layi, duk wanda ya shiga sai ya karanta baƙaƙen allon gwajin ido da ƙarfi. Na ga Safiya tana motsa baki, na ɗauka addu'a take. Ashe hadda take yi!

Da aka zo kanta, nas ta juya allon zuwa ɗaya gefen mai baƙaƙe daban. Safiya ta zuba karatu tiryan-tiryan, ko ɗaya bai dace ba. Aka fashe da dariya, har da ni.

Nas ta ɗaga yatsu daga bakin ƙofa ta ce, "Nawa ne?"

Safiya ta ce, "Madam, ki yi haƙuri."

Aka miƙo wa Safiya dosiyenta na takardun rajista, wai ta fara ganin likitan ido.

A waje na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun lise. Shi ya sa nake aron littafinki."

Ni kuwa malalaciya nake ce mata, a gaban mutane.

Na raka ta tasha. Motoci a jere, kowace da sunan garinta ɓaro-ɓaro. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hadiza, wacce ce ta Dapaong?"