Shamuwar Kawu Tanko Ba Ta Sauko Ba

Kawu Tanko ya mutu ya bar mana mutane rataye a bayan wata, bai sauko da su ba. Duk abin da ya taɓa yi mini na yafe masa duniya da lahira, amma wannan ɗaya, ni Kande, ƙarata tana nan ban janye ba.

Ku da kuka zauna da shi a Sabon Gari kun san ba ƙazafi nake yi wa mamaci ba. Mutum ne da za ki durƙusa ki ce, "Kawu, ina kwana?" ba zai tanka ba sai ya ɗaga kai ya duba gabas, ya duba yamma, ke kina nan gwiwa a ƙasa kamar mai neman gafara, sannan ya ce, "Lafiya lau, yau an share ta tas." Ba lafiyar jikinsa yake ba ki ba, ta sama ce. Aikin fitilu ya yi a reluwe har ya tsufa, goge ja, goge kore. Da ya ajiye aiki, abin da ya tsira da shi wuya ne da ba ya sunkuyawa, sai fasassun gilasai biyu da ya tsinto a bola, ja da kore.

Saboda 'yan baya da ba su ga akwatin ba, bari in faɗi mafarinsa. Wata rana motar majigi ta zo fili, aka nuna mana yadda sauro ke hayayyafa a fasasshen tulu. Ana tsaka da kallo Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"A ba mutum na'urar da za ta nuna duk abin da ransa ke so, ya rasa abin nunawa sai sauro? Sauron da muka baro a gida yana jiranmu?"

Ya koma ya samo akwatin sabulu, ya fasa gindinsa, ya ɗaure farin ƙyalle a bakinsa. Ya yanka mutane daga gwangwanin madara ya kafe su a kan tsinke. Ya toshe ƙofar zaurensa da buhuna, ya huda bango ta yamma, ya jingina guntun madubi a waje yana kamo ranar la'asar yana jefo ta cikin akwatin. Duk ranar Lahadi, masu coci sun dawo, mu mun yi sallah, sai zauren ya cika ba masaka tsinke. Ya ɗebi garin dawa da yatsa biyu ya hura cikin hasken, sai ga taurari suna lilo a kanmu, a hankali, kamar ba su da inda za su.

"A rufe baki," in ji shi, "kada a shaƙe mini taurari."

Sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Sama ba ta da shinge." Sai inuwar jirgi ta bayyana a ƙyallen, kamar buta mai fukafukai. Shamuwa ya raɗa masa, wai don shamuwa komai nisan tafiyarta tana dawowa gida.

Fasinjan Shamuwa ba ƙirƙiro su aka yi ba. Sabon Gari garin jirgi ne, da wuya ki shiga gida ba ki iske wanda jirgin ƙasa ya ɗauke wa wani bai maido ba. Mai irin wannan rashi sai ya kawo suna, Kawu ya yanka masa mutum na gwangwani. Maƙwabciyarsa Mama Ngozi mai ƙosai ta sa ƙanenta da ya tafi aikin gona a wani tsibiri. Direban Shamuwa kuwa yayana ne, Audu. Soja suka tafi da shi yaƙin Bama, can ƙetaren teku, waɗanda za su dawo suka dawo, shi kam ba shi, ba gawa, ba labari. Innarmu ƙanwar Kawu ce, Audu kuma ɗan farinta ne, saboda haka ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "wancan". Ni dai ban ji ta roƙi Kawu ya sa shi a jirgin ba. Ganinsa kawai muka yi a ƙyalle da kunnuwansa fato-fato, ko daga bakin ƙofa kin san shi ne.

Tun daga ranar Inna ba ta ƙara fashin Lahadi ba. Daga Samaru muke tasowa da hantsi, a ƙafa, in Allah ya taimaka mu samu motar itace ta rage mana hanya zuwa Hanwa. Tsohuwa da ciwon gwiwa! In an je kuma, da Audu ya fito sai ta kau da kai gefe, wai kunya. Ki taka duk wannan hanya don ki je ki kalli bango! Da wutsiyar ido take kallonsa, na sha kama ta.

Wasan da na fi so, na kuma san yawancinku shi kuka fi so, shi ne na mutanen ƙarfe. Kawu ya sa jan gilashi, zauren ya koma kamar cikin garwashi. Shamuwa ta ya da zango a wani tauraro da mutanensa duk ƙarfe ne. Ba sa barci, ba sa ƙarya, ba sa cin tuwo, mai suke sha kamar mota. Suka kewaye jirgin za su narkar da shi. Ba bindiga, ba kibiya. Sai Audu ya fito ya durƙusa gaban sarkinsu.

"Ranka ya daɗe, ina wuni?"

Kawu ya kifa gwangwani a baki ya yi muryar ƙarfe. Shi mutumin ƙarfe bai san ana cewa lafiya lau a wuce ba. Sai ya shiga ba da labarin wuninsa tun daga asuba, bai tsallake ko ƙusa ba. Yana direwa Audu ya ce, "Ina gajiya?" Sarkin ya bi gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin gajiyar kowace.

"Ina iyali? Ya yara? Ya aiki? Ya muka ji da zafi? Ya bayan rabuwa?"

"Ba mu taɓa haɗuwa ba!" in ji sarkin ƙarfe, murya ta fara shaƙewa.

"Allah sarki. To ya bayan rashin haɗuwa?"

Tun ba a kai ga "ina labari" ba man sarki ya ƙare, ya sandare da hannu a sama, rundunarsa ma haka, don duk taya shi amsawa suke yi. Zaure ya kaure da shewa. Ni kuwa abin da ya shiga kunnena muryar Inna ce ƙasa-ƙasa, fuskarta na bango: "Haka yake. Wancan akwai gaisuwa."

A lokacin ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, da goyo a bayana. Ina fara haɗa baƙi na zama annoba. Malaminmu ya ce babu iska a wata, wanda ya je can shaƙewa zai yi. Ranar Lahadi fasinja na cikin yawo a kasuwar wata na miƙe tsaye.

"Kawu, wannan zuƙi ta malle ce! Babu iska a can. Me suke shaƙa?"

"Wa ya gaya miki?"

"Malaminmu."

"Ya je?"

"Bai je ba."

"To ni ma ban je ba. Mun yi kunnen doki. Amma ni ina da akwati, shi fa?"

Aka yi ta yi mini dariya. Amma mako na zagayowa sai ga kowane fasinja da ɗan gora rataye a wuya. Wai iskar Samaru ce aka ɗura musu, ta bayan ruwan farko, mai ƙamshin ƙasa, in kewa ta dame su sai su buɗe su shaƙa. Bai dube ni ba, bai ce na yi gaskiya ba. Har ya koma ga Allah bai ce ba.

Sai maganar guzuri. Dokarsa ce ba a barin matafiyi hannu rabbana. In an tashi kallo, kowa ya ajiye wa nasa wani abu a bayan akwati. Mama Ngozi ƙosai, Inna ƙuli-ƙuli, don shi wancan ke so. Wata Lahadi mun kama hanya na tuna na manta majanyina, na koma. Na iske Kawu ya miƙe ƙafa yana gurgurar ƙuli-ƙulin Audu da 'yan haƙoran da suka rage masa.

"Innalillahi! Kawu! Guzurin bayin Allah?"

Ko gezau. Ya haɗiye, ya kora da ruwa.

"Ke yarinya, a ganinki ta ina ake aikawa? Cikin nan nawa shi ne gidan waya."

Kananzir kuwa ko warinsa ba ya shiga zauren nan. "Rana kyauta ce," yakan ce, "wa ya taɓa sayenta a kwalba?" In gajimare ya tare rana ƙyalle ya yi duhu, sai ya naɗe hannu: "Sun shiga bayan wata. A jira." Akwai markar da ta kama mu daidai lokacin da wata tauraruwa mai wutsiya ta nannaɗe Shamuwa za ta haɗiye. Mama Ngozi ta ruga gida ta ɗauko fitilarta da mai cike.

"Baba, abeg, don Allah, ga fitila, kyauta ne! Ka fito mini da ƙanena!"

Ya dubi fitilar kamar mushe ta kawo masa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana goge fitilu fa!

"Madam, fitila ta jirgin ƙasa ce. Namu da rana yake tafiya."

Haka muka yi ta zuwa muna zama cikin duhu, muna sauraron ruwa a kan kwano, har damina ta ja baya. Shekarar da aka ce a rediyo Turawa sun harba wani ƙarfe yana zagaya duniya ma, mutane suka zo masa da labari a guje. Ya ɗaga kai ya daɗe yana dubawa. "Ba kowa a ciki? Ko fasinja ɗaya? Kai, an yi asarar mai."

Duk wannan na iya haɗiyewa. Inda muka ja daga da shi, gwiwar Inna ce ta fara kumbura, hanya ta yi mata tsawo. Na tare shi a gaban jama'a.

"Kawu, shekara da shekaru ana abu ɗaya! Kai ka ce shamuwa tana dawowa. Ka sauko da su a Samaru, a ƙofar Inna, ta ga ɗanta ya iso gida ko da na gwangwani ne, tsohuwa ta huta da hanya."

"Lahadi mai zuwa."

"Haka ka ce bara!"

"Ke dai uwar faɗa ce. Saura tauraro ɗaya."

Tauraro ɗayan nan ba ya ƙarewa. Lahadinsa ta ƙarshe koren gilashi ya sa. Suka ratsa wani wuri inda ruwa ke tashi daga ƙasa ya zuba sama, manoma na shuka a cikin gajimare, zangarniyar gero na reto kanta ƙasa tana shafar fukafukan jirgi. Ba faɗa, ba mugu, tafiya ce kawai cikin kore, har yara suka yi tsit. Sai hadari ya taso. "Sun shiga bayan wata," ya ce, "a jira." Ranar Laraba ya kishingiɗa bayan azahar, bai tashi ba. A makon ne shamuwai na gaske suka fara sauka a kan rimin bayan gidansa.

Ranar sadakar bakwai Mama Ngozi ta ɗora mini akwatin a ka, idonta jawur. "Ya ce in ya riga mu, a ba mai bakin nan." Muka kamo hanyar Samaru ni da Inna. A Hanwa muka zauna gindin wata ɗorawa don ta huta.

"Inna," na ce, "gobe da safe zan sauko da su. A ƙofar ɗakinki. Abin da ya ƙi yi, ni zan yi."

Ta daɗe tana murza gwiwa.

"In kin sauko da shi, sai me?"

"Sai ya iso gida mana."

"Kande, gwangwanin madara ne. Kin ɗauka ban sani ba? Ni na kai wa Yaya gwangwanin. A can sama yana tafiya, yana gaida mutane, ina aika masa abin da yake so. Ran da ya sauko a ƙyalle, ni ƙofa zan duba. Ƙofa kuwa kin san ba kowa a cikinta." Ta ɗaga kai sama, irin ɗagawar Kawu sak. "Ni na ce wa Yaya kada ya sauke. Ki bar mini Audu a can."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ban kuma sake ji ba.

To kun ji ƙarar tawa. Tsohon nan ya bar ni shekaru ina zazzaga masa faɗa a bainar jama'a, ya sha sunan mai taurin kai, ya sha na marowaci, yana ta "Lahadi mai zuwa", bai taɓa buɗe baki ya ce ƙanwarsa ce ta hana ba. Ya tafi ya bar ni da akwati a ka, da jirgi cike da 'ya'yan mutane, ba tasha. Wa ya gaya masa ina so?

Allah ya jiƙan Kawu Tanko. Allah ya share masa sama tas, ya haskaka kabarinsa da hasken da ba a saye a kwalba, ya sada shi da duk waɗanda ya daɗe yana yi wa rakiya. Amin.

Washegarin ranar da muka kai akwatin gida na ɗauki almakashinsa da gwangwanin madara, na yanka wani dogon mutum mai wuya a ɗage. Ɗakin Inna gabas yake kallo, saboda haka ranar hantsi na kamo da madubin, ba sai ta taka ko'ina ba. Na hura garin dawa, na ce sama ba ta da shinge, na fito da Shamuwa daga bayan wata da sabon fasinja tsaye a bayan direba. Inna ta kalli bango kamar kullum. Da aka tashi ta kwance bakin zanenta ta ajiye ƙuli-ƙuli biyu a bayan akwati, ɗaya na wancan, ɗaya na Yaya.

Na jira ta fita, na cinye. Dole wani ya zama gidan waya.