Ramin da Na Sa Aka Huda a Ɗakin 'Yata

Mu mutanen Arewa idan muka zo Landan, abu na farko da muke koya shi ne toshe kafar iska. Maigidana kuwa ya fi kowa ƙwarewa. Tun hunturunmu na farko a Stratford ya bi gefen tagogi da salatif, ya cusa tsofaffin safa a 'yan ramukan da magina suka bari a saman bango, yana cewa Turawa ba su san ciwon kansu ba. A cikin gidan muke tuƙa tuwo, mu shanya wanki a kan hita, mu kunna turaren wuta. Tururi ya rasa mafita, sai ya kwanta a bango.

'Yata tana firamare ta fara wani tari mai ƙara kamar usur. Ran da na janye kabad ɗin ɗakinta, na tarar bangon ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Likita ta ce asma ce, danshin nan ke tayar da ita, dole ɗakin ya riƙa samun iska.

A nan aka yi ta. Hajiya, mahaifiyar maigidana, tana zaune tare da mu, kuma a wurinta duk tari sanyi ne ya shiga ƙirji, maganinsa rufi. In na buɗe taga, kafin in juya ta rufe, ta ƙara wa yarinyar rigar sanyi, ta mulke ta da man zafi. Ba mugunta ba ce. Ita kanta gwiwoyinta ba sa barin ta sakat da zarar sanyi ya shigo.

"'Yar nan, so kike iskar ƙasar nan ta kashe min ƙawata?" Haka take kiran jikar tata.

"Hajiya, likita ce ta ce."

"Likitar ta taɓa raino?"

Ba a ja-in-ja da suruka, amma na ƙudura a raina ba zan zuba ido ƙirjin 'yata ya lalace saboda kunya ba. A bas, kan hanyata ta zuwa aiki a Aldwych, na yi ta bincike a waya har idona ya yi jawur. Na'urar tsotse danshi ba ta kawo sabuwar iska. Fankar bango tana fitar da tururi, amma ta kwashe ɗumin ɗaki ta zubar a titi, Hajiya ba za ta yafe min ba. Akwai mai bututu da ke zagaye gida, sai dai silin ɗinmu ba shi da wurin da za a bi da su. Daga ƙarshe na samu wadda ake dasawa cikin bango ba bututu. Tana fitar da iskar ɗaki na ɗan lokaci, wani dutse mai ramuka a cikinta ya riƙe ɗumin, sannan ta juya ta jawo iskar waje ta cikin dutsen. Sharaɗinta ɗaya, sai an huda bango har waje.

Maigidana ya dube ni ta saman tabarau. "Wato duk wahalar da na sha ina toshewa, yanzu a zo da inji a huda min bango?"

"Da gangan ma kuwa."

"To, sai kin samo permission daga masu building ɗin."

Ya zaci nan zan tsaya. Na kira su, suka ce in jira. Na sake kira, na kuma, har matar ofishin ta gane muryata tun daga gaisuwa, suka amince don su huta.

Ranar da mai aikin ya zo, Hajiya ta shige ɗaki tana salati. Ramin ya kai faɗin murfin ƙaramar tukunya, har ina hango motoci ta cikinsa. Aka saka na'urar, na kankare fumfunar nan tas. Iskar da ke shigowa ba zafi gare ta ba, gaskiya, amma ba ta cizo.

Washegari na dawo daga aiki na tarar an kashe na'urar, an yafa mata ɗankwali. Na cire, na kunna, na je na durƙusa gaban Hajiya.

"Hajiya, komai na gidan nan kin isa da shi, har ni. Amma wannan ramin, don Allah ki bar min shi."

Ta kau da kai. Kwanaki tana amsa gaisuwata a taƙaice, abin yana ci min rai, amma ban janye ba, ita ma ba ta sake taɓa shi ba.

Hunturu ya yi nisa, wata safiya ina dama koko Hajiya ta shigo kicin da carbi a hannu, fuskarta a firgice. Ashe tarin yarinyar take saurare kullum bayan sallar asuba, da shi take sanin ta tashi.

"Ban ji ƙawata ba."

Na yar da ludayin, muka nufi ɗakin 'yata. Tana kwance, baki a rufe, numfashinta na tafiya a hankali ba ƙara. Hajiya ta ɗora tafin hannu a ƙirjinta ta daɗe. Yarinyar ta buɗe ido ɗaya.

"Grandma, it's Saturday."

"Yi barcinki," in ji Hajiya, ba ta ɗauke hannun ba.

Na koma kicin na jingina da ƙofa, na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.