Iyakar da Aka Ja a Kan Layin Dogo

Arlene Stancil ta yi ƙuruciyarta da tsufanta a Corbett Mill, ƙaramin garin manoman taba a kudancin Amurka, wanda layin dogo ya ratsa ta tsakiyarsa. A masaƙar garin ta yi aiki har ranar da aka rufe ta. Mijinta ya rasu tun furfura ba ta gama mamaye kanta ba, ɗanta guda kuwa ya yi nisa can yamma, ba ta jin muryarsa sai lokacin Kirsimeti.

Abin da ya rage mata na shiga jama'a shi ne aikin zaɓe. Duk ranar ƙuri'a ita ce take buɗe zauren cocin da ake jefa ƙuri'a a cikinsa. Ƙa'idar wurin ita ce a zaunar da jami'ai biyu daga jam'iyyu biyu a tebur ɗaya, kowa ya zama ido a kan ɗan'uwansa. Wanda aka ɗora ya sa mata ido shi ne Wendell Purvis, tsohon makanikin tarakta, wanda shi ma matarsa ta riga shi gidan gaskiya. Shekaru masu yawa suka yi kafaɗa da kafaɗa. Gaban masu zaɓe ba sa furta kalmar siyasa, amma da zarar zaure ya yi shiru bayan azahar, sai ya zuba mata gahawa ya soma.

"Misis Stancil, na ga mutanenku sun sake yin hayar ruwan sama don namu su kasa fitowa."

"Naku ai ko rana ta ƙwalle sai an bi su gida an tashe su, Mista Purvis. Gyara tabaranka, ka tsallake layi a rajista."

Daga nan hira takan gangara zuwa ciwon gwiwa, da matattunsu, da yadda gida yake yin girma idan mutum ya zama shi kaɗai a ciki. Duk da haka ba su taɓa taka ƙofar juna ba. Arlene ce ta kafe a kan hakan: a ganinta, idan aka ga masu tsaron juna suna shan shayi a baranda ɗaya, za a ce sun haɗa baki, amanar teburin ta zube. Wendell bai yarda ba, amma ya bi ta.

Bayan ƙidayar jama'a, majalisar dokokin jiha ta zana sabuwar taswirar mazaɓun wakilan tarayya. Jam'iyyar Arlene ce mai rinjaye, ita ta riƙe alƙalamin. Iyakar ta bi layin dogo sak, aka raba rumfar zaɓen gida biyu. Jami'i ba ya aiki sai a rumfar da yake zaune cikinta, gidan Wendell kuwa yana ƙetare. Aka kawo mata wata Misis Oakley, mace mai ladabi wadda take wuni tana saƙa ba tare da ta ce uffan ba.

Wasu suka kai ƙara, kotun ƙolin jiha ta ce taswirar ta saɓa wa tsarin mulkin jiha. 'Yan majalisa suka ce alƙalan jiha ba su da hurumi, domin tsarin mulkin ƙasa majalisa ya ba ikon tsara zaɓen tarayya. Magana ta hau zuwa kotun ƙolin ƙasa, aka bar iyakar yadda take kafin a yanke.

Arlene ba ta taɓa damuwa da shari'a ba, sai ga ta tana ajiye rediyo kusa da farantin abincinta. A coci matan jam'iyyarta suna ta tsine wa alƙalai masu shisshigi, tana gyaɗa kai tare da su, alhali a zuciyarta roƙo take yi Allah ya kayar da nata mutanen. Babu wanda za ta gaya wa wannan, in ba mutumin da ke ƙetaren dogo ba.

Sau ɗaya suka haɗu a kantin sayar da iri. Ya ce yanzu ai ba ya tsaronta, ba ta tsaronsa, mene ne zai hana ta zo ta ga tumatirinsa? Ta ce a'a, a bari alƙalai su gama. In aka mayar da su tebur ɗaya, ba ta so a sami abin faɗa. Ya dube ta jim kaɗan, ya taɓa hularsa, ya tafi.

Zaɓuka suka zo suka wuce. Daga ƙarshe aka yanke cewa kotun jiha tana da ta cewa, aka sake taswira, rumfar ta koma ɗaya. Ranar ƙuri'a Arlene ta goge rigarta shuɗiya, ta isa da wuri. Sai ta tarar da Misis Oakley a kan kujerar Wendell. Ita ce ta gaya mata, tana mamakin yadda ba ta ji ba, cewa tun lokacin sanyi ɓarin jikin Wendell ya shanye.

Da la'asar aka ce akwai mai zaɓe a mota wanda ba ya iya shigowa. Irin wannan, jami'ai biyu suke kai masa takarda har waje, sai Arlene da Misis Oakley suka fita. Motar cike take da akwatuna da barguna. Wendell yana gaba, ya rame, baki ya karkace. 'Yarsa Darlene, wadda ke tuƙi, ta ce da shi za ta wuce birni inda take aure, amma ya rantse ba zai bar garin ba sai ya jefa ƙuri'arsa a nan.

"Na zo in kashe taki ƙuri'ar, Misis Stancil," ya ce, kalmomin suna fita da ƙyar.

"Da wannan hannun? Sai ka yi a hankali kada ka zaɓi namu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta miƙa masa takardar, ta juya masa baya kamar yadda doka ta tanada. Tana jin ƙarar alƙalami yana ja a hankali, tana kallon bangon coci. Da ya gama ya sa a ambulan, ta karɓa.

"Mun ci ku a kotu," ya ce.

"Kun ci."

"Baba, hanya da nisa," in ji Darlene.

Arlene ta so ta tambayi sunan unguwar da za a kai shi, amma Misis Oakley tana tsaye a gefenta, ga shi kuma ba a tsayawa hira a waje da ƙuri'a a hannu. Motar ta ja. Su biyu suka koma ciki suka jefa takardar a akwati, Arlene ta zauna, ta kira mai bi a layi.