Gwangwanayen Bube a Gidan Marka

Bube da Marka sun fara haɗuwa ne a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, lokacin da manyan motoci ke ta zuba tsakuwa a hanyar da ta ratsa Tambuwal. Shi leburan kamfanin hanya ne, mutumin Kebbe. Ita kuwa tsohuwa ce mai sayar da fura, mijinta ya rasu, ɗakin ƙofar gida ba kowa. Ta ba shi ɗakin.

Bube ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya yi dako a Jega, ya yi yaron mota, ya yi kwasar yashi, ko'ina bayan 'yan watanni sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Shi ya sa ba ya shuka a ƙasa. A gwangwanin madara yake shuka, da fasasshen tulu, da rabin gangar kwalta da ya ƙone ya wanke, don ranar tashi ya ɗora su a mota. Ya jera su jikin katanga: ɗoɗɗoya, lalle, barkono, riɗi. Ya ajiye kasko da ruwa a tsakiyarsu, domin gidansu na Kebbe a bakin fadama yake, kunnensa bai saba da safiya marar kukan tsuntsu ba.

Lalle ya yi fure, malam-buɗe-littafi suka cika tsakar gida, farare da rawaya. Riɗi ya nuna, tsada da marai da kurciya suka sauka. Tun da ya bar gida, sai a nan Bube ya ga damina ta biyu a ɗaki ɗaya. Yana bakin aiki hankalinsa na gida: ko rana ta ƙone ɗoɗɗoya, ko akuya ta shiga.

Abin da bai kula ba shi ne, kusa da kaskon nan Marka ke shanya geron furarta. Tsuntsu kuwa ba ruwansa da wannan na Bube ne, wancan na Marka.

Wata Juma'a Na'Allah, ƙanen mijin Marka, wanda gidan ke hannunsa, ya shigo ya tarar da tabarmar shanya baƙi ƙirin da tsuntsaye.

"Kai ɗan Kebbe! Duniya duk korar tsuntsu aka yi, kai ruwa kaka ba su?"

"Baba, ai ba su ci da yawa."

"Kai ka auna cikinsu? Gobe in iske kai da gwangwanayenka kun bi hanyar da kuka gyarawa."

Bube bai yi musu ba. Tashi ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Ya ɗauki gwangwani ya kai zaure, ya dawo da shi, ya sake ɗauka. Saiwar lallen ta riga ta huda gindin ganga ta shige ƙasa, ya ja ya ja ta ƙi.

Marka ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Na'Allah, geron wa anka ci?"

"Naki mana."

"To na kawo maka ƙara? Tun da Malam ya rasu gidan ga shiru kamar maƙabarta. Bar min yaro."

"In gero ya ƙare sai ki dama gwangwani," in ji Na'Allah. Ya kaɗa riga ya fita.

Geron kuwa ya ƙare kafin kaka. Bube ya mai da kasko da riɗi bayan ɗaki, ya riƙa lulluɓe shanya da tsohon gidan sauro, amma wanda aka ci an ci. Ya ga ƙwaryar furarta tana ƙanƙancewa, ya ga ta daina zuwa kasuwar Dogon Daji. Abin ya hana shi sakat. Da kamfani ya kwashe kayansa ya yi gaba, abokan aiki suka tsaya da mota a ƙofar gida suna danna masa oda. Ya fito, ya leƙa, ya ce su tafi.

Da kaka ta yi sai ya nufi Kebbe, ya yi wa yayansa girbi har aka gama, ya dawo da dammunan gero a bayan wata motar kaya. Ya jira sai da Marka ta tafi suna a maƙwabta, ya loda su a rumbunta, ya mai da murfi.

Kwana biyu bayan haka ta buɗe rumbun. Ta bi dammunan geron da kallo. Daga nan ta ɗaga murya ta tambaye shi ko ya karya kumallo.